Shirin Gudun Fanfalaki na Frankfurt ga Magidanci Mai Son Tseren Motoci

Gudun fanfalaki na birnin Frankfurt da ke Jamus ana yin sa ne a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, kuma tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, kamar kowane gudu irinsa. A 1981 aka fara shi. Saboda ranar da yake faɗowa, makonni takwas mafi nauyi na shirinsa duk a cikin kakar Turai suke, lokacin da yini ke gajarcewa, ganye ke zuba, sanyi ke shigowa da kaɗan-kaɗan. A daidai waɗannan makonni ne kuma gasar tseren motoci ta Formula 1 ke shiga zangonta na ƙarshe, inda da wuya a yi mako biyu a jere ba a yi tsere ba. Magidancin da ya ba shekara 45 baya, ga aiki ga iyali, yana son ya kammala gudun lafiya kuma ba ya son tsere ya wuce shi, babban aikin da ke gabansa shi ne tsara mako: yaushe zai wahalar da jiki, yaushe zai bar shi ya huta, ƙarfe nawa zai kwanta. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi mace mai irin waɗannan shekaru kamar yadda ya shafi namiji.

Daga ɗakin likita ake farawa. A Jamus, wanda ya kai shekara 35 kuma yana da inshorar lafiya ta gwamnati yana da damar a duba lafiyarsa sau ɗaya a shekara uku, a auna jini da suga da kitsen jini. Mai niyyar gudun fanfalaki ya kamata ya ƙara da gwajin zuciya irin wanda ake yi mutum yana tuƙa keke a ɗakin likita, an liƙa masa wayoyi a ƙirji, domin akwai matsalar da ba ta bayyana sai zuciya tana aiki da ƙarfi. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da wanda ya taɓa shan taba, da wanda a danginsa aka taɓa samun mai ciwon zuciya da ƙuruciya, su ne suka fi kowa buƙatar wannan gwaji.

Bayan likita sai mutum ya dubi gaskiyar ƙafarsa. Wanda zai shiga watan Satumba da niyyar yin gudun ya kamata a ce ya shekara yana gudu ba yankewa, yana haɗa kilomita 35 zuwa 40 a mako, kuma yana iya yin kilomita 22 a fita ɗaya ba tare da ya kwana biyu yana ɗingishi ba. Wanda bai kai nan ba, makonni takwas ba za su kai shi ba. Akwai masa mafita: gasar tana da rukunin 'yan karɓa-karɓa, inda mutum huɗu ke raba tazarar a tsakaninsu.

Lokacin da za a sa a gaba ba a zaɓen sa da son zuciya. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga gasar rabin zango, wato kilomita 21, makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, a ninka lokacin da aka yi, a ƙara minti 15 zuwa 20. Wanda ya yi rabin zango a awa 1 da minti 50 zai iya sa ran kammala cikakken zango a wajen awa 4, kuma wannan yana nufin minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita. Mai neman awa 3 da rabi zai riƙa yin kilomita a ƙasa da minti 5 da kaɗan, mai neman awa 4 da rabi kuwa minti 6 da daƙiƙa 24. A kan wannan lamba ake gina duk sauran atisayen. Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin magidanta shi ne ɗauko lokacin da suka yi shekara goma da suka wuce su mai da shi ma'auni.

Fita huɗu a mako ta ishi mafi yawan masu irin waɗannan shekaru. Tsarin da aka fi bi shi ne gudu mai zafi ranar Talata, sassarfa ta minti 50 zuwa 60 ranar Alhamis, 'yar gajeriyar sassarfa ranar Asabar, dogon gudu ranar Lahadi, Litinin kuma hutu. Dalilin wannan jeri shi ne a samu aƙalla kwana biyu tsakanin ranaku biyun masu nauyi. Matashi kan yi gudu mai zafi yau, gobe ya tashi garau. Ɗan shekara 50 huhunsa da zuciyarsa na iya amsa kira, amma agara da sharaɓa da tafin ƙafa suna buƙatar lokaci mai tsawo kafin su murmure, kuma su ne ke fara ba da matsala.

Kusan kashi huɗu cikin biyar na duk gudun mako a hankali ake yin sa. Ma'aunin wannan shi ne mutum ya iya hira da abokin gudunsa, yana faɗin cikakkiyar magana ba haki. Mai agogon auna bugun zuciya zai iya kimanta iyakar bugunsa ta hanyar ninka shekarunsa da 0.7, ya cire abin da ya samu daga 208. Ga ɗan shekara 50 wannan ya ba da 173 a minti ɗaya, sassarfarsa kuma za ta tsaya tsakanin 115 da 130. Lissafin kimantawa ne kawai, domin mutum biyu sa'o'in juna na iya bambanta da bugu goma ko fiye, shi ya sa idan agogo da numfashi suka saɓa, numfashi ake bi. Gudun Talata iri biyu ne, ana juya su mako-mako. Wani makon a yi kilomita ɗaya da sauri sau biyar, ana sassarfar minti biyu a tsakani. Wani makon a yi kilomita 8 zuwa 12 a daidai saurin da aka tsara wa ranar gasa, don ƙafa ta haddace shi. Ko wanne ne, ba a fara shi sai an yi minti 15 ana sassarfa, domin tsokar da ta kwana cikin sanyi ita ce ke yagewa.

Dogon gudun Lahadi shi ne ƙashin bayan shirin. Ana ƙara shi da kilomita biyu-biyu, a ce 26, 28, 30, sannan a sauko 20 na mako guda, a sake hawa zuwa 32. Na ƙarshe kuma mafi tsawo ana yin sa saura mako uku. Saurinsa ya gaza na ranar gasa da daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya a kowace kilomita, kuma mai tafiya a hankali ya tsaya idan ya kai awa 3 da rabi ko da kilomitocin ba su cika ba, saboda abin da zai ƙaru da shi bayan nan bai kai gajiyar da zai kwasa ba. A wannan fita ce ake gwada duk abin da za a yi amfani da shi ranar gasa: takalmi, safa, riga, karin kumallo, da 'yan fakitin zaƙi mai kauri da masu gudu ke tsotsa a hanya. Ciki ma horar da shi ake yi. Wanda bai saba cin wani abu yana gudu ba, ranar gasa cikinsa ne zai tsayar da shi kafin ƙafa.

Abin da magidanta suka fi rainawa shi ne ƙarfafa tsoka, alhali daga wajen shekara 30 tsoka kan fara raguwa a hankali idan ba a ba ta aiki ba, kuma gudu kaɗai ba ya tsayar da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin irin wannan motsa jiki aƙalla kwana biyu a mako. Minti 20 a falo ya wadatar: a tsaya a bakin matakala a ɗaga dunduniya a sauke ta a hankali, da ƙafa ɗaya; a tsuguna a miƙe riƙe da wani abu mai nauyi; a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu. An fi so a yi shi da yammacin ranar da aka yi gudu mai zafi, don ranar hutu ta zama hutu na gaske.

Sai batun duhu. A farkon Satumba rana na fitowa a Frankfurt wajen ƙarfe 6:45, ta faɗi wajen 8 na dare. Kafin ƙarshen Oktoba ba ta fitowa sai wajen 8 na safe, kuma jim kaɗan bayan 6 na yamma ta faɗi. Ma'aikaci, ko da safe ya zaɓa ko da yamma, cikin duhu zai ƙare. Yana buƙatar tocilar goshi da rigar sama mai ƙyalli wadda fitilar mota ke haskawa. Gaɓar kogin Main ita ce wurin gudun tsakiyar mako, domin shimfiɗaɗɗiya ce kuma sashenta na cikin gari yana da fitilu, sai dai masu keke na da yawa, don haka a riƙe gefen dama, kada a toshe kunne biyu da kiɗa. Dajin birni da ke kudu da kogin, da hanyar da ke bin kogin Nidda, a bar su ga safiyar Lahadi. Ƙasar daji tana da taushi ga gwiwa, amma daga tsakiyar Oktoba jiƙaƙƙen ganye kan rufe saiwoyi da ramuka, kuma targaɗen idon sawu saura mako biyu ya isa ya rushe aikin wata huɗu. A irin wannan hanya gajeren taku ake yi. Gadar katako da layin ƙarfe na jirgin cikin gari, idan suka sha raɓa ko yayyafi, tafiya ake yi a kansu.

Wajen sutura, ƙa'idar da masu gudu ke bi ita ce a yi shiga kamar yanayin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10. Wanda bai ji ɗan sanyi a minti goman farko ba, ya cika kaya. Rigar auduga ba ta da amfani a nan, domin tana shan gumi ta manne a jiki ta yi sanyi. Siririyar riga mai dogon hannu da wata marar nauyi mai tare iska sun isa yawancin safiyoyin Oktoba, a ƙara safar hannu idan ma'auni ya sauko wajen digiri 5. Lokacin da sanyi ya fi kama mutum shi ne bayan ya tsaya, shi ya sa ake ajiye busasshiyar riga a mota ko a bakin ƙofa. Jiƙaƙƙen takalmi a cusa masa tsohuwar jarida, kada a ɗora shi a kan na'urar ɗumama ɗaki, zafi na lalata tafinsa. Takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 600 zuwa 800, kuma wanda za a sa ranar gasa ya zama an yi dogon gudu da shi aƙalla sau biyu. Wannan ya fi zama dole ga takalman nan masu farantin kabon a tafi, waɗanda suka bazu tun daga 2017, saboda suna sauya yadda nauyi ke sauka a ƙafa.

Jadawalin tseren motoci kuwa, ta fuskar barci da lokacin fita yake shafar mai gudu. Tseren Monza na Italiya a farkon Satumba yana farawa ƙarfe 3 na rana, ba ya takura kowa. Na Singafo, wanda tun 2008 ake yin sa da dare a ƙarƙashin fitilu, yana kamawa ƙarfe 2 na rana agogon Jamus, na Baku kuma a 2024 da 2025 ya kama ƙarfe 1. A irin waɗannan Lahadi, mai dogon gudu na awa uku sai ya bar gida kafin ƙarfe 8:30 idan yana son ya yi wanka ya ci abinci kafin a kashe jajayen fitilun tashi. Cin abincin ya riga kallon, domin jikin da ya yi kilomita 30 yana buƙatar sitaci da abinci mai gina jiki a cikin awa ɗaya ko biyu, kuma soyayyen dankali na leda ba zai yi wannan aiki ba. Zaman awa biyu a kujera bayan dogon gudu kan sa ƙafa ta sandare, don haka a riƙa miƙewa ana ɗan zagaya ɗaki. Duk lokacin da motar tsaro ta fito ta tara motoci a bayanta, dama ce ta samu.

Wahalar tana zuwa ne idan gasar ta tsallaka nahiyar Amurka. Tseren Austin da ke jihar Texas, wanda aka fara a 2012, yana farawa ƙarfe 9 na dare agogon Jamus, ya ƙare wajen 11. Wannan da sauƙi, tunda Litinin ba ranar gudu ba ce. Gwajin neman gurbin tashi na daren Juma'a ko Asabar shi ne ke kai mutum tsakar dare, kuma washegarin Asabar dogon gudu ne. Maganinsa a naɗi shirin, a kwanta, a kalla da safe ana karin kumallo, a kuma nisanci waya kada ta riga ta ba da labari. Awa bakwai zuwa takwas na barci ga ɗan shekara 50 da ke gudun kilomita 55 a mako wani ɓangare ne na atisayen, kuma barasar da wasu ke haɗawa da kallo tana lalata shi.

Mazaunin Frankfurt yana da filayen tsere biyu a kusa. Hockenheim bai kai kilomita 100 ba ta kudu, kuma a nan aka saba rufe gasar motoci ta DTM a watan Oktoba, da tsere ɗaya ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi. Nürburgring yana cikin tsaunukan Eifel ta yamma, wurin da sanyin kaka ke riga ko'ina sauka. A Oktoban 2020, da aka kai Formula 1 can, hazo ya hana a yi gwajin ranar Juma'a baki ɗaya saboda jirgin ɗaukar marasa lafiya ba zai iya tashi ba, ranar Lahadin kuma Lewis Hamilton ya yi nasararsa ta 91, ya kamo Michael Schumacher a yawan nasara. Wanda zai je kallo ya sani yinin filin tsere ba ranar hutu ba ce: doguwar tafiya daga wurin ajiye mota, hawa da saukar matakala, tsayuwa, da zama a kan kujera mai sanyi. A ƙirga shi a matsayin ranar aiki, a matsar da dogon gudu zuwa ɗaya ranar ta ƙarshen mako, a yi shigar hunturu sosai. Idan ya faɗo saura mako ɗaya a yi gasa, kallo daga gida ya fi.

Akwai wani aikin kaka da mai son mota ba ya yarda ya bar wa makanike, wato sauya tayoyi. Al'adar Jamusawa ita ce tayar hunturu daga Oktoba zuwa bikin Ista, doka kuma ta wajabta ta a duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara. Taya da ƙarfenta na iya kai kilo 20, ga sunkuyo ga jak ga sifana. A yi wannan a farkon wata, a tsuguna a ɗaga da ƙarfin cinya, a sake ɗaure notuna bayan an yi tafiyar kilomita 50. Ciwon baya a makon ƙarshe ba ya warkewa kafin Lahadi.

Oktoba watan mura ne, musamman a gidan da ke da 'yan makaranta. Idan abin ya tsaya a hanci da atishawa, ana iya yin 'yar sassarfa. Idan ya sauka ƙirji, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, babu gudu sam, kuma ba a komawa sai an yi kwanaki da warkewa, saboda wahalar da jiki a kan irin wannan ciwo na iya jawo kumburin tsokar zuciya. Atisayen da ya wuce ya wuce, ba a rama shi. Wanda zazzaɓi ya kama a makon gasa ya haƙura da gudun bana.

Saura mako uku ake fara sassautawa. Makon farko a yi kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da aka saba, na biyu ɗan fiye da rabi, na ƙarshe kashi ɗaya cikin uku. Tsawo ake ragewa, amma ana barin ɗan sauri: kilomita uku ko huɗu a saurin gasa ranar Talata. A wannan tsakanin mutane da yawa kan ji ƙafa ta yi nauyi, su fara zargin ƙarfinsu ya tafi, har su fita su gwada kansu da gudu mai zafi. Ƙarfin yana nan, gwajin ne ke cinye shi. A kwana biyun ƙarshe ana ƙara sitaci, giram 8 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato giram 600 zuwa 750 ga mai kilo 75, daga shinkafa da taliya da dankali da burodi da ayaba da zuma, a rarraba shi cikin yini. A rage mai da wake da kabeji. Sikeli zai nuna ƙarin kilo ɗaya ko biyu, domin jiki na ajiye kowane giram na sitaci tare da kimanin giram uku na ruwa, kuma wannan alama ce mai kyau. Lambar ƙirji ana karɓar ta a harabar baje koli ta birnin, gara ranar Juma'a, a karɓa a fito ba tare da yawon rumfuna ba.

Daren gasar shi ne daren da Turai ke mai da agogo baya, ƙarfe 3 na dare ya koma 2, sai agogon Jamus ya zo daidai da na Najeriya da Nijar. Waya kan gyara kanta, agogon bango da na mota kuwa sai an gyara su. A 2023 da 2024 da 2025 tseren Meziko ya faɗo rana ɗaya da gudun Frankfurt, gwajin neman gurbinsa kuma ƙarfe 11 na daren Asabar. Wannan shi ne shiri ɗaya a duk shekara da mai gudu zai bari ya wuce shi. Idan barci ya ƙi zuwa saboda zumuɗi, ba abin damuwa ba ne, in dai an yi na daren Juma'a da kyau.

Ƙarfe 10 na safe ake tashi, daga gindin dogon benen nan na Messeturm, rukuni-rukuni bisa saurin da kowa ya rubuta. Karin kumallo ƙarfe 7, irin wanda aka saba kafin dogon gudu. A shafa man basilin a cinya da hammata, a liƙa filasta a kan nono, a ɗora tsohuwar rigar sanyi wadda za a iya yarwa idan an fara. Kilomitocin farko cikin tsakiyar gari ake zagayawa, tsakanin dogayen benaye, kuma a nan agogon da ke aiki da tauraron ɗan'adam kan rikice ya ba da saurin ƙarya. A riƙa danna shi da hannu a kowace alamar kilomita, ko a bi masu jan ragama, waɗanda ke ɗauke da alamar lokacin da za su kammala.

A nan ne ilimin mai kallon tsere zai yi masa rana. Tun 2010 aka hana ƙara mai a tsakiyar tseren Formula 1, direba da abin da ya ɗauka zai kai ƙarshen kimanin kilomita 305, kuma duk mai kallo ya sha ganin wanda ya ƙona tayoyinsa a zagayen farko yana ji yana gani ana wuce shi a na ƙarshe. Sitacin da jiki ke iya ajiyewa a tsoka da hanta bai wuce na kalori 2,000 ba, alhali mai kilo 75 zai ƙona sama da 3,000 kafin ya kai ƙarshe. Ragowar daga kitse take fitowa da abin da aka ci a hanya, kuma iya saurin mutum iya yadda yake cin ajiyar sitacin. Daƙiƙa 15 da aka ƙwata a kowace kilomita ta farko, da mintuna ake biyan ta bayan kilomita ta 32. Da kamfanin Nike ya so a gwada kammala gudun fanfalaki a ƙasa da awa biyu, ranar 6 ga Mayun 2017, filin Monza ya zaɓa, aka sa mota a gaba tana haska layi a kan kwalta don saurin kada ya hau kada ya sauka, Eliud Kipchoge na Kenya ya yi awa 2 da daƙiƙa 25. Mai neman awa 4 ya isa rabin zango a awa 1 da minti 59 ko awa 2 cif, yana jin kamar bai fara ba.

Ci da sha tun da wuri ake fara su. Giram 30 zuwa 60 na sitaci a kowace awa, wato fakiti ɗaya duk minti 30 zuwa 40, a kora da ruwa. Ruwa gwargwadon ƙishi ake sha. Mai tafiya a hankali cikin sanyi, idan ya riƙa shan kofi biyu-uku a kowace tasha, zai iya tsinka gishirin jininsa, kuma wannan ciwo ne da ke iya kisa. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac ba a shan su kafin gudu ko a cikinsa, suna wahalar da ƙoda da ciki.

Daga tsakiyar gari hanya na tsallaka kogi zuwa Sachsenhausen, ta miƙa yamma ta Niederrad da Schwanheim, ta sake tsallakawa zuwa Höchst, sannan ta juyo gabas a kan titin Mainzer Landstraße. Wannan titi dogo ne, miƙaƙƙe, 'yan kallo ba su da yawa, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da ajiyar jiki ke ƙarewa. Dabarar ita ce a rage tsawon taku a bar yawansa, a laɓe a bayan rukuni idan akwai iska, a riƙa ƙirga tasha-tasha. Idan tsoka ta ɗaure, a koma gefe a yi tafiya har ta saki. Ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, ko bugun zuciya da ya rikice, waɗannan dalilan tsayawa ne nan take a nemi ma'aikatan agaji. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, a kanta Wilson Kipsang ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 42 a 2011, daƙiƙa huɗu kacal tsakaninsa da tarihin duniya na lokacin. Ana ƙarewa ne a cikin zauren Festhalle, ginin da aka buɗe a 1909, a kan jar darduma.

Da an fito daga zauren a sa busassun kaya, a ci wani abu, a ci gaba da takawa a hankali. Idan shekarar ta zo da tseren Meziko, ƙarfe 9 na dare zai fara, ana iya kallon sa ƙafa a kan matashi. Kwana biyu zuwa uku saukar matakala za ta yi wuya, da baya-baya ta fi sauƙi. Makon farko tafiya ce kawai, ko keke, ko iyo. A na biyu a koma sassarfar minti 30, gudu mai zafi kuma sai bayan mako uku zuwa huɗu. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ya wuce mako biyu bai ragu ba, na likita ne.

A Nuwamba duhu na shiga kafin ƙarfe 5 na yamma. Fita uku a mako ta isa, a mai da hankali ga ƙarfafa tsoka, tunda yanzu babu dogon gudun da zai hana a ƙara nauyi. Tseren São Paulo na Birazil yana kamawa wajen ƙarfe 6 na yamma. Na Las Vegas, wanda aka fara a 2023, daren Asabar ake yin sa a can, ya zo da sanyin safiyar Lahadi a Jamus, don haka ana iya kallon sa a fita sassarfa bayan gari ya waye. Ana rufe gasar a Abu Dhabi. Wanda ke son abin da zai riƙe shi har ƙarshen shekara zai iya rubuta sunansa a gudun kilomita 10 da garuruwan Jamus da yawa ke shiryawa a kwanakin ƙarshe na Disamba, kuma makonni huɗu na shiri sun ishe shi.